Mai Yatsa Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga wa mutane tafireta a Tudun Wada, cikin Gusau, kuma a duk masu kawo mini aiki babu masu cin rai kamar marubuta. Mai neman aiki zai miƙo takardarsa, ka buga masa, ya kama gabansa. Marubuci kuwa sai ya jawo benci ya zauna a kanka yana kallon yatsunka, in ka manta waƙafi ɗaya ya ja wani dogon numfashi kamar ka taka masa ɗa.

Malam Ishaya ma marubuci ne, amma shi na ɗaga masa ƙafa, don yana da kunya, kuma ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da ƙullin gyaɗa a aljihunsa. Malamin firamare ne a Bungudu, Bahaushe Kirista, ɗan wani ƙauye can wajen Karakkai. In lokacin salla ya yi nakan bar masa shago in tafi masallaci, in dawo in tarar ya bi aikina da jan biro yana gyara, ba tare da wani ya roƙe shi ba.

A farkon shekarar 1998 ya zo mini da littafin makaranta cike da rubutu. Ya ce labarin ban tsoro ne ya rubuta wa matasan cocinsu. Wai yaran sun koma kallon finafinan matsafa a gidajen bidiyo, su dawo gida a firgice, babu wanda ya nuna musu inda za su kai tsoron. Shi yana son labarin da zai tsorata su da gaske, sannan ya kai su ga addu'a.

Har dokoki ya rubuta wa kansa a bangon littafin. Mugunta ba za ta yi nasara a ƙarshe ba. Ba laya ce za ta ceci kowa ba, ba kuma ƙarfin damtse ba, sai addu'a. Ba zai rubuta kalmar tsafi ko ɗaya ba, kada wani marar hankali ya gwada. Mutumin nan ya yi tunanin komai, har yawan jinin da zai nuna sai da ya auna. Abu ɗaya ya manta, kuma ni na tura shi cikinsa.

Don labarin farko, gaskiya, abin dariya ne. Wani dodo ne mai ƙaho bakwai da wutsiyar wuta yake fitowa daga kogo. Ina shafi na huɗu na ajiye aiki na yi ta ƙyaƙyata dariya har maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo.

Na ce, "Malam Ishaya, wanga dodo naka ko akuya ba ta jin tsoro nai."

Ransa ya ɓaci, amma ya danne. Ya ce, "To mi kaka so in yi, Malam Dalhatu?"

"Ka bar ƙaho da wutsiya. Wa yat taɓa ganinsu? Ka ba abin huskar mutum. Huskar da ka sani, wadda in ta yi maka sallama kana amsawa."

Ya tattara littafinsa ya tafi, ko gyaɗar bai bar mini ba.

Bayan wata guda ya dawo da sabo. Wannan karon ban yi dariya ba. Da rana tsaka nake bugawa, motoci na wucewa a titi, amma tsigar jikina na tashi. Ya ƙirƙiro wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ya sa mata suna Gwamma. Mai fara'a ce, kowa na sonta. In tana daka sai ta riƙa yin wata 'yar waƙa ta hanci. In yaro ya zo wucewa sai ta kwance bakin zanenta ta ciro ƙuli-ƙuli ta sa masa a hannu, sannan ta shafa kansa da hannunta na hagu, wanda babu yatsan manuni a jikinsa. Duk yaron da ta shafa, kafin kwana uku ya kwanta. Mayya ce.

Na ɗaga kai na ce, "Kai! Ina kas samo wagga tsohuwa?"

Ya ce, "Daga kaina." Amma ƙofa yake kallo da ya faɗi haka. Na gani, ban kuma matsa ba, don daɗin labarin ya ɗauke ni.

Dattawan cocinsu sun duba kafin a gurza shi a injin yin kwafi. Ƙorafinsu ɗaya ne, wai ya ba Shaiɗan shafi arba'in ya ba addu'a uku. Ya ƙara shafi biyar na addu'a, suka sa albarka. A ƙarshen labarin wani matashin malamin makaranta ne ya tara masu bi suka kewaye ɗakin Gwamma suna addu'a, wuta ta kama ɗakin tana ciki, malamin ya tayar da waƙar yabo, kowa ya amsa. Na gurza kwafi ɗari uku, muka sa masa suna Mai Yatsa Tara. Don jin kai har hatimin shagona na buga a bangon baya na kowane ɗaya. Aka raba su a taron matasa na Ista a nan Gusau, inda coci-coci suka zo daga ko'ina cikin jiha.

Wata Talata cikin watan Agusta, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, wata tsohuwar Fijo ta taka burki a ƙofar shagona. Direban ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya buga littafin a kan teburina. Duk ya yi laushi saboda yawan hannun da ya bi.

"Kai na Dalhatu mai tafireta?"

Na ce ni ne.

"Sunana Sahabi, ina jigilar Tsafe. Ina wanda yar rubuta wanga abu? Za a kashe tsohuwa sabo da shi."

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, na riga na koyi darasi. Wani ƙaramin ƙauye ne bayan Bilbis, Musulmi da Kirista a haɗe, can Sahabi ya fito. Ya ce akwai wata yarinya Rifkatu, 'yar aji shida, ita ce ke karanta wa mata littafin a bakin rijiya tun da aka kawo shi. Kwana uku ke nan tana kwance, jiki kamar garwashi, tana fizge-fizge tana ihun mai yatsa tara ta zo. A ƙauyen kuma akwai wata tsohuwa, Inna Tanoma, baƙuwa ce, ba ta da kowa. Daddawa take sayarwa. Tana waƙa ta hanci in tana daka. Hannunta na hagu yatsa huɗu ne.

"Tun asuba sunka hiddo ta," in ji Sahabi. "Mai unguwa ya ba ta zuwa la'asar ta tsallake ɗiyar. Ta ce ba ta yi. Samari na can da sanduna. Faston wurin ya tahi wani gari jana'iza."

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake nufi. In an ce maye ya kama kurwar mutum, akan tilasta masa ya tuɓe ya tsallake majinyacin sau uku, wai a nan yake sakinta. Wanda ya tsallake ya amsa da kansa cewa shi maye ne, sunan kuma ba ya fita, har jikokinsa za a riƙa nunawa da baki. Wanda ya ƙi, sanda ce. Babu ƙofa ta uku.

Na ce wa Sahabi ya koma ya tsaya da motarsa kusa da gidan su yarinyar, kada ya gusa. Na rufe shago ko murfin tafireta ban mayar ba, na hau babur na nufi Bungudu.

Na tarar da Ishaya a gaban allo yana koyar da lissafi. Na kira shi waje na faɗa masa a tsaye. Ina kaiwa kan daddawa da Bilbis sai ya dafa bango.

Ya ce, "Inna."

"Innar wa?"

"Inna Tanoma. Ita tar raine ni da uwata ta rasu. Ta koma can wurin ɗiyarta shekara shida da sunka wuce, ɗiyar kuma ta rasu. Wallahi ban zaci littahin na kai can ba. Na sake mata suna ai."

Na ji kamar in kwaɗa masa mari a gaban ɗalibansa. Na ce, "Ka sake mata suna! Ka bar mata yatsa, ka bar mata daddawa, ka bar mata waƙa, ka sake suna! Hau mu tahi."

Ban faɗa masa cewa ni na ce ya nemi fuskar da ya sani ba. Shi ma bai tuna mini ba. Muka ratsa Gusau da gudu maganar tana zaune tsakaninmu a kan babur.

Kafin Tsafe ruwa ya sauko. Ban tsaya ba. Ishaya ya ƙanƙame ni yana ta motsa baki a bayan kunnena, addu'a yake, ni ma ina tawa. Daga Bilbis muka sauka daga kwalta, hanya ta zama taɓo, sau biyu muna faɗuwa cikin gonar gero. Na biyun sai da muka tura babur ɗin da hannu muka haye wani kwazazzabo. Ina ta duban sama, don ba agogo gare ni ba, hadari kuma ya rufe rana, ban san saura nawa la'asar ba. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba.

Tun daga nesa muka hango taron. Fijon Sahabi na gefe, shi yana jingine da ita ya harɗe hannu. A ƙofar gidan, ƙarƙashin rumfar kara, an shimfiɗa tabarma an kwantar da yarinyar. Idonta a kakkafe, haƙoranta na haɗuwa, uwarta na riƙe da ƙafafunta tana kuka. Ubanta, wani dogon manomi mai suna Bala, yana tsaye a kanta da ƙotar fartanya a hannu.

Inna Tanoma tana zaune a ƙasa cikin taɓo, jikin turmi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, an fizge mata ɗankwali, furfurarta a jiƙe, akwai jini a gefen kunnenta. Ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa, ba ta ɓoye na hagun ba. Da na ga hannun nan sai na tarar na riga na san shi, da yatsuna na buga shi.

Ishaya ya kutsa cikin mutane. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna." Ta dube shi kawai.

Mai unguwa, wani dattijo da alama shi ma abin ya fi ƙarfinsa, ya ce, "Wane na kai, Malam?"

Ishaya ya miƙe. Muryarsa ta malamin aji ce, ta kai har baya. "Ni na Ishaya. Ni nar rubuta littahin ga. Jama'a, ƙarya ta. Babu Gwamma, ni naƙ ƙirƙiro ta. Ga wanda yab buga shi nan, ku tambaye shi. Ɗiyar ga zazzaɓi na yah hau kanta, abin da tak karanta shi taka gani. Ku bari a kai ta asibiti Tsafe yanzu."

Aka yi gunaguni. Bala ya matso har suna jin numfashin juna.

"Ka san wagga matar?"

"Na san ta. Ita tar raine ni."

"Kun ji ko!" wata mata ta yi ihu daga baya. "Ɗan da tar raina ma ya tona ta!"

Taron ya motsa gaba ɗaya kamar an tura shi. Na ga wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa. A nan na gane cewa zuwanmu ya ƙara wa abin wuta ne. Da ana zargi, yanzu ga shaida ya zo da ƙafarsa daga Bungudu.

Ishaya ya ɗaga hannu biyu. "Ku saurara! Kun san yadda anka yi ta rasa yatsan? Ina shekara huɗu igiyar guga ta naɗe mini ƙafa, ta ja ni zuwa rijiya. Inna tac cafke igiyar. Igiyar ta naɗe yatsanta ta tsinke shi, ba ta saki ba sai da maza sunka zo. Yatsan nan ni yas saya. Shi na labarin yatsan, babu wani."

Saurayin nan ya sassauta riƙon sandarsa. Na ce a raina shi ke nan, an tsira.

Bala bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To in haka na, Malam, don mi kar rubuta ta mayya?"

Me Ishaya zai ce? Ya ce don labari ya yi daɗi? Ya ce don wani mai tafireta a Tudun Wada ya yi wa dodonsa dariya? Babu manomin da zai yarda mutum mai hankali zai yi wa uwar da ta raine shi haka don daɗin labari. Ni kaina da nake tsaye a wurin na kasa yarda, ga shi kuwa da ni aka yi.

"Ba shi da amsa," in ji Bala. Ya juya ga mai unguwa. "Baba, ɗiyata na mutuwa. La'asar ta yi."

Kamar jira ake, sai ga kiran salla daga ɗan masallacin ƙauyen. Samari biyu suka kama Inna Tanoma ta hammata suka ɗaga ta. Ba ta yi kokawa ba, amma ta kafe ƙafafunta a ƙasa.

Ta ce, "Ni ban ci kowa ba. Ba ni tsallake ɗiyar mutane. Ku kashe ni in kun ga dama."

Wani ya kai mata sanda a baya. Ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Sahabi ya taso da gudu, aka tare shi. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ban gusa daga inda nake ba.

"Ni na!"

Ishaya ne. Ya shiga tsakaninta da sandar.

"Ni nak kama ta, ba Inna ba. Ku tambayi uwar ɗiyar, Inna ta taɓa shahwa kanta? Ta taɓa ba ta wani abu ta ci?"

Uwar ta ɗago, ta girgiza kai. Ta ce tun da aka fara karanta littafin ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofar tsohuwar.

"To wa yas shiga kanta?" in ji Ishaya. "Maganar wa taka yi kwana ukun ga? Tawa. Daga Bungudu nak kama ta, da takarda. In akwai mai sakinta, ni na. Ni ka tsallakewa."

Na kutsa na riƙo hannun rigarsa. Na san an sa ranar aurensa watan Disamba, da Saratu, 'yar wani dattijon cocinsu a Gusau. Na ce masa a kunne, "Ka haukace? Kai ko yarda da abin ga ba ka yi ba. Sunan ba ya hita. Ka tuna Saratu."

Ya ce, "Na tuna." Ya zare hannunsa.

Mutane suka shiga kallon juna. Wani tsoho mai sandar dogarawa ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya amsa maita da bakinsa ba alhali ba shi ba ne. Wannan maganar ce ta juya taron. Waɗanda ke kusa da Ishaya suka fara ja da baya, wata mata ta fizge ɗanta ta tura shi bayanta.

Ishaya ya dubi mai unguwa. "Baba, sharaɗi biyu. Ina gamawa a sa ɗiyar ga cikin motar Sahabi sai asibiti. Kuma kowa ya ji, Inna ba ta da hannu. Wanda yas sake taɓa ta, da ni yaka yi."

A bakin malamin firamare wannan ba barazana ba ce. Amma yanzu ba malamin firamare suke gani ba. Samarin suka saki tsohuwar kamar sun riƙe garwashi.

Mai unguwa ya dubi Bala. Bala ya dubi 'yarsa, ya gyaɗa kai.

Ishaya ya cire biron da ke aljihunsa, jan nan da yake gyara mini aiki da shi, ya miƙo mini. Ya cire takalma. Ya cire riga da dogon wando, ya tsaya daga shi sai gajeren wando a gaban mata da yara, siririn mutum, duk taɓo, yana rawar sanyi. Na kawar da kai, sannan na ga bai kamata in bar shi shi kaɗai ba, na dawo da idona.

Ya tsallake ta sau ɗaya. Leɓensa na motsi. Ya juyo ya tsallake na biyu. A na uku ƙafarsa ta zame, ya kusa faɗawa kanta, ya dafe ƙasa da hannu. Babu wanda ya taimaka masa ya tashi.

Yarinyar ba ta canja ba, idonta na nan a kakkafe. Amma Bala ya jefar da ƙotar, ya sunkuce ta ya yi wajen mota da gudu, uwar na biye. Sahabi ya riga ya tayar da inji. Na ce masa ya buɗe ƙofar gaba. Na kama Inna Tanoma na sa ta, don na san in muka bar ta yarinyar kuma ta mutu a hanya, ba za ta ga safiya ba. Uwar yarinyar ta matse can jikin ƙofar baya. Ishaya ya sa kayansa a kan taɓon jikinsa ya hau bayana a kan babur. Da za mu fita mutane suka dare mana hanya, faɗinta ya isa mota biyu.

A asibitin Tsafe aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata ka, da an ƙara kwana ɗaya sai dai wani labarin. Aka sa mata ruwa da allura. Bayan kwana huɗu ta tashi ta nemi fura. A ƙauyensu kuwa, har yau in ka tambaya za a ce maka tsallaken Malam ne ya tashe ta, allura ta tarar da aiki an gama. Labarin ya riga mu isa Bungudu. Iyaye suka fara cire 'ya'yansu daga ajinsa. Dattawan coci suka dakatar da shi wata shida don ya shiga al'adar da suke wa'azi a kanta. Gidan su Saratu suka aiko da cewa a ɗan dakata, kuma har yanzu ana dakatawa. Mun bi coci-coci muna karɓo littafin, muka samu ɗari da tamanin da biyu, sauran suna hannun mutane.

Amma duk wannan daga baya ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai a yammacin ranar ya faru, a harabar asibitin, kafin magariba.

An wanke wa Inna Tanoma kunne an sa mata auduga. Wata ma'aikaciya ta ba ta ɗankwali. Tana zaune a kan benci ƙarƙashin dalbejiya, Ishaya na durƙushe a ƙasa gabanta, ni ina gefe ina kankare taɓo daga takalmina. Tun ƙauye ba ta ce masa uffan ba.

Can ta ce, "Ishaya, a ƙarshen littahin naka, mi anka yi da ni?"

Ya sunkuyar da kai. Na ga ba zai iya ba, sai na yi karambani. Na ce, "Inna, ai bai gama rubutawa ba tukuna."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ƙarya kaka yi, ɗan nan. Yara ka tsayawa bayan dangana su karanta da ƙarhi don in ji. Wata huɗu ina ji. Wuta tac ci ni cikin ɗaki, anka yi waƙa."

Na ci gaba da kankare takalmin da ya riga ya fita.

Ta ce, "Wutar ba ta dame ni ba, tsohuwa ta kusa kabari dama. Malamin nan da yat tada waƙar nika tambaya. Kai na?"

Ishaya ya ce, "Ni na, Inna."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin gero. Shi kuwa sai ya fashe da kuka, irin kukan da babban mutum ke yi bai iya ba, kafaɗunsa na jijjiga. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce, "Tun sahe ba ka ci komi ba, na sani."

Ta kwance bakin zanenta. Akwai ƙuli-ƙuli guda biyu a ƙulle, ruwa ya jiƙa su. Ta kamo hannunsa ta sa masa ɗaya, ta naɗe yatsunsa a kai. Sai ta ɗaga hannunta na hagu ta shafa kansa, a hankali, daga goshi zuwa ƙeya.

Tsigar jikina ta tashi. Na san ƙarya ce, na san wanda ya ƙirƙira, na san yadda yatsan ya tafi, da hannuna na buga kowane harafi, amma duk da haka sai da jikina ya yi abin da littafin ya koya masa.

Ta juyo ta miƙo mini ɗayan ƙulin. Na ɗan yi jinkiri kafin in karɓa, bai kai ƙiftawar ido ba. Ta gani.